Gishirin Awe a Ƙasar Indiya

Babu wanda ya zo tarbata a filin jirgin Delhi sai da ƙafafuna suka gaji da tsayuwa. Na zauna a kan akwatina ina kallon mutane suna rungumar 'yan'uwansu, ni kuwa ina riƙe da wayar da ba ta da layi. Can sai ga mutumin da aka haɗa ni da shi tun daga gida, wani ɗan ƙasarmu da ake ce wa Oga Sule, ya iso yana goge baki, da gani daga cin abinci yake. Ko sannu da hanya bai ce ba. Ya dubi cikina ya tambaye ni wata nawa. Na ce masa, malam, ba haihuwa na zo yi ba, ɗauki akwati mu tafi.

Ban ga laifinsa sosai ba, don ko a garin Lafiya haka ake yi mini. Sunana Hajara, malamar firamare ce ni a Akurba, kuma cikin da yake gani ƙari ne a mahaifa, abin da 'yan asibiti ke kira faibiroid. Ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. An ce mini ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa, amma ya sa na yi ta ɓari, ya shanye mini jini, har na koma in na hau matakalar aji sai na huta. Likitocin Lafiya da na Abuja bakinsu ɗaya: a cire mahaifar gaba ɗaya, in huta. Ni kuwa ban taɓa riƙe ɗa nawa na kaina ba. Da na ji an ce a Indiya akan cire ƙarin a bar mahaifa, sai na kafe. Bizata ta fito, ta maigidana Malam Sabo ba ta fito ba, shi ya sa na tafi ni kaɗai.

Indiyar da muke gani a fim daban, wadda Oga Sule ya kai ni daban. Wani lungu ne da wayoyin wuta suka yi masa rumfa, ga ƙarar ham ba dare ba rana, ga keke napep irin namu sak, har na ɗan ji sanyi da na gan su. Masaukin gidan marasa lafiya ne daga ƙasashe iri-iri, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. Tagar ɗakina bango take kallo. Oga Sule ya ce gobe zai kai ni wurin babban likitan da ya fi kowa, in kwantar da hankalina, ai na zo hannun 'yan gida.

Inda ya kai ni wani ɗan asibiti ne a saman shagon sayar da taya. Aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton cikina, washegari aka ce hoton bai fito ba a sake. Aka sake. Babban likitan kullum yana hanya. Duk lokacin da na fito daga ɗakin gwaji sai in tarar da Oga Sule da mai wurin suna ƙus-ƙus, in na matso su yi shiru. Ni da nake gane yaron da ya kwafi jarrabawa tun daga bakin ƙofa, ai ba a yi mini wannan. Ran da na tsare shi na ce ko ya nuna mini likitan ko ya ba ni takarduna, sai ya ce wai matsalarmu ke nan mutanen Nasarawa, ba mu da godiya. Ya miƙo mini takardun ya ce zai kira ni da yamma. Har yau yammar ba ta yi ba.

Daga nan na san me ake nufi da zaman kaɗaici. In na buɗe baki na yi Turanci, su ba su gane nawa, ni ba na gane nasu, sai mu yi ta kaɗa wa juna kai. A titi ana kallona har a juyo. Wata rana na lura tun safe ban furta kalma ko ɗaya ba sai a salla. Malam Sabo yana kira, amma me zan ce masa? Mutumin da ya bar gyaran keke ya yi ta zarya saboda tafiyar nan, in ce masa an yi wasa da hankalina? Sai in ce komai lafiya, ana kan gwaji. Maƙwabciyata Maman Blessing, 'yar ƙabilar Eggon, ta turo mini saƙon murya tana cewa da irin Hausarta, “Malama, ka ci abinci fa, ka yi haƙuri, Allah yana nan.” Na saurari saƙon nan har na haddace kukan akuyar da ke bayanta.

Abincinsu kuma ya ƙi ni. Komai yaji, komai ƙamshin da ke tayar mini da zuciya. Sai na koma dafa farar shinkafa da mai, in barbaɗa gishirin da na zo da shi. Wannan gishirin yana da labari. Ana gobe zan taso, ƙanwata Larai ta zo daga garinmu Awe ta ajiye mini ƙulli a tsumman atamfa, ta ce in ji Iya. Na ce me ta ce? Ta ce ba ta ce komai ba.

Iya ita ta haife ni, amma ba ita ta raine ni ba. Ni ce 'yar fari, kuma ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwar mahaifina, Gwaggo, mai sayar da doya a kasuwar Lafiya. A wurin Gwaggo na girma, ita ta kai ni makaranta, ita ta aurar da ni. Iya kuwa kunyar ɗan fari ta riƙe ta yadda ban taɓa gani a wurin kowa ba. Ba ta kama sunana, sai dai ta ce “ta Lafiya.” In na je Awe na shiga ɗaki, sai ta tuna tana da aiki a waje, ta fita tana dafa bango, don ƙafafunta sun daɗe da shanyewa. A Awe kowa ya san dalili, ko dai kowa yana ganin ya sani: matan gidansu masu dafa gishiri ne, kuma an ce tsayuwa cikin ruwan gishiri ke cinye musu ƙafa. Kakata ma da rarrafe ta ƙare. Na girma ina jin Iya ba ta damu da ni ba, na kuma koya wa kaina kada in damu.

A kicin ɗin masaukin nan na haɗu da wata tsohuwa 'yar Afganistan da ta kawo 'yarta jinya. Ba mu da yare ɗaya sai sallama da bisimilla. Ta ga ina kwance ƙullin, ta miƙo tafin hannu, na zuba mata kaɗan. Ta ɗanɗana, ta rufe ido, ta gyaɗa kai kamar wadda ta tuna wani abu. Tun daga ranar kullum sai ta ajiye mini gurasa mai zafi a bakin ƙofa. Ran da ta same ni zaune a ƙasan kicin ina kuka da takardu a cinya, ba ta lallashe ni ba. Ta ɗauki takardun, ta kama wuyan hannuna kamar yadda nake kama 'yan aji ɗaya, ta ja ni har cikin keke napep, har asibitin da 'yarta ke kwance. Ta tsaya a gaban masu karɓar baƙi tana faɗa da yarensu har aka ba ni kati. Ko sunanta na gaskiya ban sani ba, Hajiya kawai nake ce mata.

Likitar mata da aka haɗa ni da ita gajeriya ce mai furfura, ba ta da saurin magana, shi ya sa nake gane ta. Ta duba hotunan ta ce aikin mai wuya ne, ƙarin suna da yawa kuma wasu sun nutse, amma za ta gwada barin mahaifar in na amince, ba tare da alkawari ba. Na ji kamar in rungume ta. Ta tambaye ni lafiyar mahaifiyata, ko tana da wani ciwo. Na ce garau take, mace ce da ke ɗora buhun doya a kan okada da kanta. Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba. In aka ce uwata, Gwaggo ce ke faɗo mini a rai.

Na tashi zan fita ke nan sai ta kira ni. Ta nuna ƙasa. Silifas ɗina ɗaya yana can gindin kujera, na yi tafiya har ƙofa ban san babu shi ba. Na yi dariya na ce ai halina ne, a Lafiya an san ni da wannan, har maigidana yana cewa zai ɗaure mini takalmi da waya kamar lambar keke. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in zauna in miƙo ƙafar. Ta duba tafin, ta duba ƙwaurina da ya sirance, ta ce kafin a sa mini wuƙa tana so likitan jijiya ya gan ni.

Shi kuma ya ce in rufe ido. Na rufe, ina jira ya fara. Ashe ya daɗe yana tsira mini tsinke a yatsun ƙafa. Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, na kasa. Aka jona mini wasu wayoyi masu fizga. Da sakamakon ya fito ya ce jijiyoyin ƙafata suna rauni a hankali, kuma irin wannan ciwon gadonsa ake yi. Ya ce wa ke da shi a gidanmu? Na ce babu. Ya ce in yi tunani: wanda ƙafarsa ta sirance, yake ɗaga gwiwa sama in zai taka, yake dafa bango, daga baya hannunsa ya kasa zura zare a allura.

Bai gama ba na ga Iya tana fita daga ɗaki. Na ce masa, likita, matar da na ba ku labarinta ba ita ta haife ni ba.

Na sha wuya kafin su gane yadda mutum zai yi uwa biyu ba tare da an yi saki ko mutuwa ba. Na ce ai ciwon Iya na gishiri ne. Ya ce ni na taɓa shiga ruwan gishiri? Ban taɓa ba. Ya ce to.

Likitar matan ta zaunar da ni ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Ta ce akwai masu bincike da ke tambaya ko wasu cututtukan jijiya na gado suna tafiya tare da ƙarin mahaifa a wasu gidaje, amma ba a tabbatar ba, kuma ƙarin mahaifa ya yi yawa a matan Afirka har yana iya zama haɗuwa ce kawai. Duk da haka tana so ta san ko matan gidanmu masu ciwon ƙafa sun yi irin cikina. Sannan ta faɗi abin da ya hana ni cin ko gurasar Hajiya: in aka bar mahaifar na haihu, ɗan zai iya ɗaukar ciwon ƙafar, zai iya tsira, ba wanda zai ba ni tabbaci. Ta ce in je in yi shawara da mutanena.

Waɗanne mutane? Na koma ɗakina na zauna ina kallon bango. Na tsallako duniya don in ceci mahaifar nan, yanzu kuma ina tsoron abin da za ta haifa. Na tuna kakata tana jan jiki a tsakar gida, gwiwoyinta sun yi kanta. Na ce ashe son kai ne ya kawo ni? Na kira Malam Sabo na gaya masa gaskiya duka, har ta Oga Sule. Ya ce shi ni yake so in dawo, da mahaifa ko babu, sauran na Allah ne. Magana mai daɗi, amma ba ta sauke mini komai ba. Mutum ɗaya ce a duniya ta san abin da nake tambaya, kuma ita ce ba ta taɓa yi mini magana ido da ido ba.

Na kira Larai da azahar, lokacin su can hantsi ne. Na ce ta kai wa Iya waya ta buɗe murya. Larai ta ce, Yaya, kin san fa halinta. Na ce na sani, kai mata. Ina jin takun Larai, ina jin kaji, ina jin itace yana ƙara a murhu. Na gaishe ta. Ta amsa wa Larai, ta ce a ce wa ta Lafiya ya jiki.

Na cije na yi tambayar da 'ya ba ta yi wa uwa a wurinmu. Na ce ko ta taɓa yin ciki irin nawa. Sai na ji ta ce wa Larai, a gaya wa ta Lafiya, bayan haihuwar auta ta yi cikin da ya kwanta shekara da shekaru, ana ta jiƙe-jiƙe a tashe shi bai tashi ba, sai da jini ya ɗauke mata ya motse da kansa. Ta ce mahaifiyarta ma haka, da yayarta da ta rasu. Duk masu ciwon ƙafar ne. Larai ma ba ta taɓa jin wannan ba, ina jin numfashinta.

Na ce, “Iya, ni ma ƙafata ta fara. Likita ya ce ba gishiri ba ne. A jini yake.”

Wani abu ya faɗi, kamar ludayi. Sai muryarta ta fito, ba irin wadda na sani ba.

“Ba gishiri ba? Larai, ce mata ta sake tambayarsa. Ni saboda gishirin na ba da ita. Na ga uwata, na ga ƙafata ta soma, na ce wannan ba za ta taka ruwan nan ba. Ni na roƙi babanku a kai ta Lafiya. Mutane suka ce kunya ce, na bar su a haka.”

Na zauna a ƙasa, don gadon ya yi mini nisa. Duk shekarun nan ina cewa ba ta so na. Na ce mata abin da ke gabana, cewa in na haihu ɗan zai iya gado, kuma gobe ake so in faɗi ko a bar mahaifar ko a cire. Na ce, “Iya, da kin san a jini yake, da kin yarda kin haife ni?”

“Larai,” in ji ta, “gaya mata da na sani, da ban ba da ita ba. Shi ke nan abin da zan canza.”

Washegari na ce wa likita ta bar mini mahaifata in har za ta baru. Hajiya ce ta raka ni har ƙofar ɗakin tiyata, tana tofa mini addu'a, ta karɓi silifas ɗina ta rungume a hammata.

Da na farfaɗo, likitar tana zaune a gefena, ba tsaye ba, tun daga nan na gane. Ta ce ta cire da yawa, sai jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ya zama ko mahaifar ko ni. Ta riƙe hannuna ta ce ta yi iya yinta. Na yarda da ita, har yau na yarda. Amma na juya fuskata bango na yi kukan da ban taɓa yi ba, ba mai jin yarena a duk ginin nan. Kwanakin da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu. Na koyi tafiya a baranda ina dafa bango, ina jin kaina ina taku irin na Iya. Ran da zan bar masaukin na raba sauran gishirin biyu na ba Hajiya rabi, ta sa a cikin rigarta.

Na dawo Lafiya ba ciki, ba ɗa. Masu zuwa sannu suna ta cewa ai lafiya ta fi komai, ina cewa haka ne. Ban yi sati biyu ba sai ga Larai, wai Iya ta ce a kai mata “ta Lafiya” Awe. Gwaggo ta dube ni ta ce in je, ai an daɗe ana bin Iya wannan bashin.

Da safe na fito tsakar gidanmu na Awe na tarar an ɗora babbar tukunya a murhu, ga ganyen darbejiya an jiƙa, ga kunun kanwa yana tururi a ƙwarya. Wankan jego, irin wanda ake yi wa mace in ta koma gida haihuwar fari. Na ce wa Larai wannan wane irin abu ne, so ake a yi mini dariya a gari? Kuma likita ta hana ni ruwa mai zafi. Iya tana zaune a kan turmi, ta ce a gaya mini an sirka, ita da kanta ta gwada da gwiwar hannu, tunda yatsun ba sa ji. Ta ce macen da aka buɗe wa ciki ta zubar da jini, uwarta ke yi mata wanka, ita ba ta san wata doka ba bayan wannan.

Larai ta kai Iya bayan ɗaki ta zaunar. Na tsuguna a gabanta. Ganyen ya yi ta zamewa daga hannunta, sai na haɗa hannuna da nata muka riƙe tare. Ta kai yatsa ta bi tabon ɗinkin daga wannan gefe zuwa wancan. Rabona da hannun matar nan a jikina tun ban san kaina ba.

Muna cikin haka wata maƙwabciya da ta hango hayaƙi ta ji ƙamshin darbejiya ta yi sallama daga bakin zaure, tana murna, ta ce ashe haihuwa aka yi a gidan ba a faɗa ba, me aka samu? Larai ta daburce. Ni na sunkuyar da kai.

Iya ta ɗebo ruwa ta zuba mini a baya, ta ɗaga murya yadda za a ji ta har waje.

“Mace aka samu,” in ji ta. “Sunanta Hajara.”